Keken Raudatu

"Malam, ajiye jakar nan ka ara mini yatsanka."

Abin da Baba Sada ya tare ni da shi ke nan wata Talata da la'asar, na dawo daga sakatariya ko ɗaki ban buɗe ba. Yana tsaye ƙarƙashin rumfar kwanon da ke ƙofar gidansa, garin katako ya yi masa fari a gira da gemu, da ƙafar tebur guda a hannunsa. Sauran ukun na jingine da bango. Na ɗan yi turus, don a wata bakwai da na yi ina haya a ɗakin da ke manne da gidansa, gaisuwa ce kawai take haɗa mu.

"Shafa nan," ya ce. "Daga sama har ƙasa. A hankali. Me ka ji?"

Na shafa. "Akwai ɗan kaushi, Baba. Kamar zane-zane ne suka zagaye shi."

"A ina?"

Na nuna masa. Ya ɗora babban yatsansa a wurin, ya yi ta kai da kawowa, ya daɗe. Sannan ya kwantar da ƙafar a kan benci.

"Ashe mai teburin gaskiya ya faɗa," ya ce. "Ɗazu ya dawo mini da su. Ni kuwa na yi ta musu da shi a gaban mutane."

Sunana Abdussalam. Aiki ne ya kawo ni Ikara, sashen noma na ƙaramar hukuma. Matata tana koyarwa a Kudan, can na bar ta da yaranmu uku, sai bayan mako biyu nake leƙa su. Sauran kwanakin kuwa daga ni sai rediyo da butar shayi. Shi Baba Sada ya haura saba'in. Matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce, ɗansa ɗaya tilo, Shamsuddeen, yana Fatakwal yana tuƙa babbar mota. Sabuwa, 'yar ƙanwarsa da ke aure a bayan layinmu, ita take kawo masa abinci da rana, ta share tsakar gida, ta koma.

Sana'arsa juyi. Yana da wani tsohon inji da ke kama guntun katako ta baki biyu, bel ya ja shi ya yi ta wulwulawa, shi kuma ya kara masa ƙarfen sassaƙa har siffa ta fito: ƙafar gado, ƙafar kujera, marfin tulu, mariƙin wuƙa. Idan siffa ta fito sai samfefa ta karɓi aiki, katakon na juyawa ana goga masa har ya yi sumul. A nan ne, in ji shi, ake gane mai sana'a da mai neman abinci.

A ranar ya gaya mini abin da ko Sabuwa ba ta sani ba. Ciwon sugan da yake fama da shi ya cinye masa ji a yatsu. Yana riƙe abu, yana ganin yana riƙe da shi, amma santsi da kaushi sun zama ɗaya a wurinsa.

"Da, in na shiga shago, ba na tambayar kowa," ya ce. "In ɗora yatsa a kan samfefa in san ta ƙwarai ce ko ta banza. Yanzu abin da aka miƙo mini shi nake karɓa. Idon ma da gilashi yake aiki."

Da ya ji cewa in zan je Kudan nakan ratsa ta Zariya, sai ya roƙe ni in sayo masa a Sabon Gari. Ya karanto mini lambobin da ake rubutawa a bayanta, na rubuta a tafin hannuna: tamanin, ɗari da ashirin, ɗari da tamanin, ɗari biyu da arba'in. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, babba mai laushi.

Zuwan farko na yi abin kunya. Mai shagon ya nuna mini iri biyu, na ga ɗaya ana ba da falle goma a kuɗin da ɗayar ke ba da uku. Na ce ai tsoho na yi wa tattali. Na dawo ranar Lahadi ina ta murna, na miƙa masa leda cike.

Ya buɗe ledar. Ya zaro falle ɗaya ya ninka biyu a kan tafin hannunsa. Takardar ta tsage a gaɓar ninkin, yashin ya zubo masa a hannu kamar gero.

"Ka gani? Wannan yashin kogi ne aka manna da ƙaro. Ta ji zafin juyi, sai ta saki 'ya'yanta. Kuma ba kansu ɗaya ba, wata ƙwayar ta fi wata girma, ita ce take yi wa katako zane. Ka goge da goma, ka dawo kana neman abin da zai goge ɓarnar da suka yi." Ya kakkaɓe hannunsa a riga. "Araha ba ta ado, Malam. Amma ba laifinka ba ne, ni ne ban koya maka ba."

Ya ja mini kujera 'yar tsugune, ya koya mini. In nemi mai bayan ƙyalle, ba mai bayan takarda ba, don ita ce take lanƙwasuwa ta bi kwarin katako ba ta karye ba. In ninka bakinta in ga ko za ta zubar. In ɗaga ta sama haske ya bugi fuskarta, in duba ko ƙwayoyin kansu ɗaya. In saya a yadi daga naɗi, ya fi sauƙi a kan falle-falle. Ya kuma gargaɗe ni kada in ce sai wadda ta fi kowace tsada.

"Akwai wata baƙa mai sulɓi, ta masu fentin mota. Tana da kyau a ido, kuɗinta kuma ba wasa. Ka kawo ta kan katako, shafa biyu ta toshe da gari. Kowace da gidan aurenta."

Zuwa na biyu na tsaya a shagon ina ninkawa ina ɗagawa sama, har mai shagon ya ce, "Alhaji, saya za ka yi ko duba lafiyarta aka aiko ka?" Na ce duka biyun. Ya yi dariya, ya shiga ciki ya fito da wani naɗi mai launin ƙasa da bai ajiye a gaba ba. Da na kawo, Baba Sada ya ninka, ya murɗa, ya kara a kunne yana kankarawa da farce. Ya gyaɗa kai.

"Wannan ita ce. Yadi ɗaya zai yi aikin ledarka ta ranar nan sau biyu."

Daga nan la'asar ɗina ta koma rumfarsa. In dawo daga ofis, in canja riga, in zauna. Shi yake juyawa yake gogawa, in ya kashe inji ni nake shafawa in ce nan ya yi, nan da saura. Ba ma yawan magana. Wani lokaci in kawo shayi a kofi biyu, nasa babu sukari, mu sha muna kallon 'yan acaɓa na wucewa. Aiki ma ba yawa. Masu kujerun zamani sun koma ƙafar ƙarfe, mai teburin nan kuma bai ƙara dawowa ba ko da aka gyara masa.

Ruwan farko ya sauka da kwana biyu na tarar da shi ya jawo wani gungumen ɗinya daga bayan ɗaki, busasshe, ya ce shekara huɗu yana ajiye.

"Na wa za a yi?" na ce.

"Na Raudatu." Ya faɗi sunan a hankali. "Jikata ce. A can Fatakwal aka haife ta, ban taɓa ganinta ba. Jiya uban ya kira, ya ce ta fara kama bango tana miƙewa. Keken koyon tafiya zan yi mata. Ya ce ƙarshen wata za su zo."

Irin keken nan ne mai taya uku da yaro ke riƙewa yana turawa. Kafintoci kan haɗa shi da ɓallin katako da ƙusa cikin rabin yini. Shi kuwa ya ce kowane sashe juya shi zai yi, tayoyin, sandunan, da mariƙin, kuma ƙusa ba za ta shiga ba, sai turaku na katako. Na tambaye shi me ya sa ba zai yi da maɗacin da ke jingine a rumfar ba, tunda ya fi kyau a ido.

"Kai ma da 'ya'ya uku kake wannan tambaya? Yaro duk abin da ya kama baki yake kaiwa. In ba ta maɗaci ta tsine mini?"

Ƙarshen wata ya zo ya wuce. Shamsuddeen ya kira ya ce an ba shi lodi zuwa wani gari, sai wata mai kamawa. Ina zaune lokacin. Wayar Baba ƙarama ce mai madannai, murya na fita waje. Hirar ba ta kai minti biyu ba. "Ba komai, Allah ya tsare hanya," ya ce, ya mayar da ita aljihu. Sannan ya dube ni. "Gara ma. Ai ba mu gama ba."

Tayoyi sun fito, sanduna sun fito. A kan mariƙin muka daɗe, don ya ce nan ne hannunta zai zauna. Muka bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na ce mu tsallake ɗari da tamanin tunda katakon ya riga ya yi laushi, sai ya kashe injin.

"Kowace lamba zanen ta gabanta take sharewa. Ka tsallake ɗaya, zanen yana nan, ɓuya kawai ya yi. Ranar da ka shafa mai zai fito ya gaishe ka."

A wannan makon ne, yana cikin goga mariƙin, na ji ƙauri. Na zaci bel ne. Da na matsa sai na ga samfefar ta zame, fatar babban yatsansa ce a kan katakon da ke wulwulawa, shi kuma idonsa na kan aikin.

"Baba! Hannunka!"

Ya ɗaga yatsan ya duba. Fatar ta saluɓe, ta yi ja. Ya kalle ta kamar yatsan wani ne.

"Ikon Allah," ya ce. Sai kuma, "Bai ɓata katakon ba dai ko?"

Na ɗaure masa da tsumma mai tsabta, na ce gobe sai asibiti. Ya ce yatsa ne kawai. Ashe ba yatsan ne abin tsoro ba. Bayan kwana biyar Sabuwa ta tare ni a ƙofar ɗakina da safe, idonta ya yi ja.

"Malam, don Allah zo ka ga ƙafar Kawu. Wari na ji a ɗakin, da na matsa masa ya nuna mini."

Wani tsinin katako ne ya huda silifas ɗinsa ya shige tafin ƙafa, bai san ranar da ya taka ba. Wurin ya kumbura ya yi baƙi har idon sawu, jikinsa zafi rau. Na samo mota muka kai shi asibiti. Likitan ya duba, ya ja ni gefe ya tambaye ni ko ni ne ɗansa. Na ce maƙwabci ne. Ya ce a kira ɗan.

Da na koma bakin gadon na ce, "Baba, ba ni lambar Shamsuddeen."

"A'a. Yana kan hanya da mota. Ka gaya wa direba magana irin wannan, ka san inda hankalinsa zai tafi? Bari in ɗan ji sauƙi tukuna."

Na bi maganarsa kwana biyu. Har yau ina juya kwana biyun nan a raina. A na uku na karɓi lambar a wurin Sabuwa, na fita bakin ƙofar asibitin na kira. Shamsuddeen ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce zai sauke lodi, ya mayar da mota, ya ɗauko iyalinsa su taho. Kwana uku, in Allah ya yarda.

Da yammacin ranar Baba Sada ya ɗan farfaɗo, har ya sha kunu cokali huɗu. Ya tambaye ni mariƙin.

"Yana kan inji yadda ka bar shi."

"Saura ta ƙarshe. Akwai guntun ɗari uku da ashirin a cikin gwangwanin da ke kan taga, na daɗe ina ɓoyonta. Kada ka tayar da inji, ba ka iya ba. Cire shi ka goga da hannu, ka bi tsawon katakon, kada ka gicciye. In ka gama ka shafa man kaɗe. Ban da fenti."

Washegari ban je ofis ba. Na zauna a rumfarsa ni kaɗai tun hantsi, mariƙin a kan cinyata, ina gogawa. Mutane na wucewa suna tambayar jikin Baba, ina cewa da sauƙi. Wajen azahar na shafa man, katakon ya yi duhu kaɗan, jijiyoyinsa suka fito. Na naɗe shi a ɗankwalin da Sabuwa ta ba ni na kai masa.

Ya karɓa da hannu biyu, ya jujjuya shi kusa da idonsa. Ya shafa da yatsu, na san ba abin da ya ji. Sai ya ɗaga shi ya goga a leɓensa na ƙasa, daga wannan baki zuwa wancan, idonsa a rufe.

"Nan za ta fara kai shi," ya ce. Ya ƙara gogawa sau ɗaya. "Ya yi, Malam. Hannunka ya faɗa."

Ya nuna mini da baki yadda zan haɗa sassan, wane turke ke shiga wane rami. Ya gaji a tsakiya, ya yi barci da mariƙin a ƙirjinsa. Na zare shi a hankali.

Da safiyar Alhamis, ina shirin kai masa ruwan zafi, Sabuwa ta kira. Ba ta iya cewa komai ba sai salati. Aka yi masa sutura kafin azahar. Mutanen layinmu sun fito, da 'yan kasuwa kaɗan, da mai teburin nan, wanda ya tsaya a sahun baya. An yi yayyafi muna maƙabarta.

Shamsuddeen ya iso ranar Juma'a da hantsi, a motar haya da ya ɗauko shata daga Zariya. Dogo ne kamar ubansa, har tsayuwar. Ya durƙusa a ƙofar gida ya yi kuka irin na manya, marar sauti. Matarsa ta shige ciki wurin mata. Da aka natsa, bayan an sauko daga masallaci, na shiga ɗakina na fito da keken. Na haɗa shi tun daren da ya gabata, turaku duk sun zauna daram.

"Baba ne ya yi wa Raudatu," na ce. "Na koyon tafiya."

Ya karɓa, ya shafa mariƙin, ya kasa ɗago kai. Can ya ce, "Yaya, ai ta fi wata guda tana tafiya. Har gudu take yi." Ya goge fuska da hannun riga. "Na ɗauki bidiyonta ranar da ta fara. Na ce zan nuna masa in mun zo, tunda wayarsa ba ta buɗewa. Ban gaya masa ba, so nake ya gani da idonsa."

Muna nan zaune sai ga yarinyar ta fito daga zaure da ƙafarta, 'yar ƙarama mai kumatu, riga ja, ba takalmi. Ta tsaya tana kallon baƙin fuskoki. Uban ya ajiye keken a gabanta ya ce, "Zo ki ga abin da Kaka ya yi miki." Ta dube shi, ta kewaye shi, ta bi wata kaza da gudu. Wasu daga cikin masu zaman makoki suka yi murmushi. Shamsuddeen ya ɗauke keken ya kai tsakar gida.

Kwana uku suka yi. Ranar Litinin da sassafe motar ta zo ɗaukarsu, an kwana ana ruwa, gari ya yi luf. Aka ɗaure keken a saman kaya a but ɗin motar, taya ɗaya na leƙowa. Shamsuddeen ya riƙe hannuna ya daɗe yana godiya. Ya ce injin da kayan rumfar a bar su tukuna, zai yi shawara. Ya ba ni makullin gidan in miƙa wa Sabuwa, don ta koma ɗora wa yaranta abin kari.

Da motar ta sha kwana na shiga in rufe ɗakuna. Tsakar gidan shiru, an naɗe tabarmi an jingine, ƙasa ta jiƙe ta yi laushi. Daga ƙofar ɗakin Baba zuwa bakin zaure na ga sawun taya, layi uku sirara a kan ƙasar, sun karkace wajen randa sun dawo hanya. A tsakaninsu sawun ƙafa ne ƙanana, yatsu biyar-biyar, kusa da kusa.

Na tsaya ina kallo har wani ɗan acaɓa ya yi hon a waje. Sannan na ja ƙofar ɗakin na sa kwaɗo, na bi ta jikin bango na fita, don kada in taka.